Kada a Sayar da Tufa Cikin Duhu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta zamba, Ya sanya rana fitila ga bayinSa domin su ga abin da suke saye da abin da suke sayarwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da amana tun yana fatauci, tare da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu masu karanta wannan mujalla, da wuya a yau a shiga gidan Musulmi, daga Bawku har Kumasi, daga Yamai har Abijan, a rasa wanda yake neman halalinsa ta wayar hannu. Wata uwa tana da man kaɗanya, wata tana da turaren wuta, wani saurayi yana tallan huluna, kuma dukkansu hoto suke aikawa kafin kuɗi ya zo. Wannan ya sa muka ga ya dace mu ba da labarin wani tuntuɓe da muka yi da kanmu a kan wannan hanya, da abin da muka koya bayansa game da haske da saitin kyamara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu 'yan zangon Gushegu ne, a ƙasar Dagwamba, arewa da Yendi, kan hanyar da ta miƙe zuwa Bawku. Fataucin goro ne ya fito da kakanninmu daga ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 ayari yakan taso daga Kano da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, ya yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga, a ƙasar Gwanja, inda goron Asante yake jiransa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a shekarar 1892, sai 'yan kasuwa da malamai suka bazu, wasu suka nufi Kete-Krachi, kamar Alhaji Umaru wanda ya rasu can a 1934, wasu kuma Yendi da garuruwan da ke kewaye da ita. A zamaninsu ba a sayen riga sai an warware ta, an fito da ita bakin zaure, an ɗaga ta ga rana, an murza ta da yatsa. Idan mai saye yana nesa, akwai dillali ko mai masauki da zai zama idonsa, wanda in ya yi ƙarya sunansa zai ɓaci a zango duka. Yau wannan aiki na dillali hoto ne yake yin sa, shi kuwa hoto ba ya jin kunyar kowa.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, maɗinkin batakari ne, rigar da wasu ke kira fugu. Yana sayen saƙa daga masaƙan Dagwamba, siraran layuka waɗanda faɗin kowane bai fi tafin hannu ba, ya harhaɗa su, ya yi wa wuya aiki, ya buɗe gindin rigar yadda idan mai ita ya juya a rawar Damba za ta tashi kamar laima. Riga ce mai daraja a ƙasar nan, ita Kwame Nkrumah ya sa a Ankara daren da ya shelanta 'yancin Ghana, 6 ga Maris 1957. Kawu gwani ne a hannunsa, sai dai bai yi boko ba, don haka duk abin da ya shafi waya mu yake kira.

Wata rana bayan sallar Isha'i ya aiko a kira mu shago. Wani Alhaji a zangon Kumasi zai aurar da ɗansa, yana son riguna goma sha biyu iri ɗaya domin abokan ango, kuma yana son ganin launin a daren nan. Kawu ya ɗauko wata riga da aka rina da baba, shuɗiya mai duhu ƙwarai, wadda daga nesa sai a ce baƙa ce, da siraran farare a jikinta. Ya rataye ta ƙarƙashin ƙwan lantarki guda ɗaya da ke shagon. Muka matsa kusa har rigar ta cika fuskar waya, muka ɗauka. Hoton ya fito da wani shuɗi mai haske, irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Ya ba mu sha'awa, sai muka ƙara masa ɗan launi da yatsa, kamar yadda samari suke yi wa hotunansu. Kawu ya leƙa ya ce, "Kai, ɗan nan, ai wannan ta fi ta gaskiyar kyau!" Muka yi dariya tare, muka aika.

Alhaji ya turo rabin kuɗi washegari. Kawu ya karɓi saƙa bashi, ya ɗauki yara biyu su taimaka masa, suka yi mako biyar ba barcin kirki. Aka ɗaure kaya, aka ɗora wa mota ta hanyar Tamale. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara. Alhaji bai yi zagi ba. Ya ce shi dai ba wannan launi ya gani ba, kuma har an sayi huluna da suka dace da wanda ya gani. Kafin mako ya zagayo ƙunshin ya dawo Gushegu kamar yadda ya tafi.

Kawu ya kawo ƙara wurin mahaifinmu, wanda shi ne limamin masallacin unguwarmu. Ya zo bayan sallar Asuba, ya zauna a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, na ɗinka abin da na nuna, zare ɗaya, rini ɗaya. Ina laifina?" Mahaifinmu bai amsa ba, ya ci gaba da lazimi har rana ta fito sosai. Sannan ya ce a kawo riga ɗaya da wayar. Ya tashi ya tsaya bakin zaure, rigar a hannun dama, wayar a hagu, ya daɗe yana duban wannan yana duban wancan. Ya tambayi wanda ya ɗauki hoton, muka ce mu ne. Ya ce, "Lokacin da ka gan shi, ka san ya fi rigar haske?" Muka sunkuyar da kai, muka amsa cewa mun sani.

Sai ya ce mu shiga ɗaki mu ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mu buɗe babin ciniki mu karanta a gaban Kawu. Littafi ne da muka sauke a gabansa tun muna yara, muna rera shi ba tare da mun taɓa zaton zai kama mu da hannu ba. A nan muka sake samun cewa ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Muka samu an hana ɓoye aibi da algus da yaudara. Muka kuma iso wurin da malamin ya hana sayen tufar da ba a warware ta ba kuma ba a siffanta ta ba, ko sayen ta cikin duhun dare yadda masu cinikin ba za su iya duba ta ba. Mutumin da ya rubuta wannan ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996, fiye da shekaru dubu ke nan, amma kamar yana tsaye a shagon Kawu daren nan.

Mahaifinmu ya ce hoto siffantawa ce, sai dai da haske ake yin ta maimakon harshe. Ya tuna mana cewa Imamu Malik a Muwaɗɗa ya yarda a sayi ƙunshin tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, matuƙar an buɗe an tarar da shi daidai da abin da aka rubuta. Idan kaya ya zo daidai da siffa, ciniki ya ɗauru. Idan ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Ya yanke cewa a mayar wa Alhaji kuɗinsa cif, kuɗin mota na zuwa da dawowa kuma mu za mu biya daga albashinmu na koyarwa, tunda hannunmu ne ya yi siffar. Kawu ya sayar da babur ɗinsa ya biya masaƙa. Ya yi watanni yana zuwa kasuwa da ƙafa, kuma duk sanda muka gan shi a hanya sai mu ji kamar mu nutse cikin ƙasa.

Da muka zauna muka yi wa kanmu hisabi, sai muka ga laifin kashi biyu ne. Akwai son zuciya, wato launin da muka ƙara da gangan, maganinsa tuba. Akwai kuma jahilci, domin tun kafin mu taɓa hoton ya riga ya fi rigar haske, kuma ba mu san dalili ba. Maganin wannan neman sani ne, kuma malamai sun ce bai kamata mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncinsa da yadda ake yin sa. Aka yi mana kwatancen wani dattijo a Yendi wanda ya fara ɗaukar hoto tun zamanin fim da ɗakin wanki. Muka riƙa zuwa wurinsa ranar Asabar da riga a jaka. Ga abin da muka samo, mun jarraba shi da hannunmu kafin mu rubuta.

Farko ya warware mana abin da ya faru daren nan. Kyamara ba ta san abin da ke gabanta ba. Tana auna hasken da ya shigo, ta yi ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi, kamar launin toka. Idan baƙar tufa ta cika mata fuska, sai ta ɗauka wurin ne ya yi duhu, ta ƙara haske, shuɗi mai duhu ya koma mai haske. Idan farin man kaɗanya ne ya cika ta, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, man ya fito kamar ya yi dauɗa. Gyaran mai sauƙi ne. A taɓa kayan a fuskar waya, wata 'yar alamar rana za ta bayyana a gefe, a ja ta ƙasa domin kaya mai duhu, a ja ta sama domin fari. A wayoyin da ke da sashen da aka rubuta Pro, wannan shi ne EV, kuma yawanci rage 1 ko ƙara 1 yana isa. Ana ja ana duban kayan da ido, har su yi daidai.

Na biyu, ya nuna mana cewa shi kansa haske yana da launi. Idon ɗan Adam, cikin hikimar Mahalicci, yana gyara wannan da kansa, shi ya sa farar takarda fara ce a wurinmu ko da rana ko a gaban fitila. Ita kyamara zato take yi, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Masana suna auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700, hasken rana tsaka yana wajen 5500, inuwa a ƙarƙashin sama mai tsabta takan kai 7000 ko fiye, tana karkata zuwa shuɗi. Babban kuskure shi ne haɗa haske iri biyu, a bar ƙwai a kunne ga kuma hasken taga, domin kyamara ba za ta iya gyara duka biyun tare ba. A kashe ɗaya. Sannan a ajiye farar takarda a gefen kayan. Idan ta fito fara a hoto, sauran launuka sun kusa gaskiya. Idan ta fito rawaya ko shuɗiya, a nemi wurin da aka rubuta WB a gyara har ta yi fari.

Na uku shi ne wuri da lokaci. Gushegu tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana hasken daga bisa kai yake sauka da ƙarfi, ya ƙone farare, ya mai da inuwa baƙa ƙirin. Wurin da ya fi mana shi ne daidai inda kakanni suke duba tufa, wato bakin zaure ko gefen babbar taga, da hantsi ko bayan La'asar kafin rana ta yi ja, inda haske yake shigowa da yawa amma rana ba ta taɓa kayan kai tsaye. Mun kuma gane cewa kowane abu yana shafa wa maƙwabcinsa launinsa. Jar ƙasarmu da jan bango suna zuba wa farin kaya ja, inuwar darbejiya ko mangwaro tana zuba masa kore. Shi ya sa muke shimfiɗa farin yadi a ƙasa, mu rataye wani a baya. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana, abin da ke taimakawa, amma ƙura tana zama a kan idon kyamara, hoto ya fito kamar an shafa masa mai. A goge shi da tsumma mai laushi kafin kowane ɗauka. Wannan kaɗai ya gyara hotunan mutane da yawa da muka nuna wa.

Na huɗu, ta inda haske yake fitowa. Fitilar da ke bayan waya a kashe ta, domin tana bugun kaya ta gaba, ta shafe saƙa, ta sa kwalba da leda ƙyalli. Hasken da ya zo ta gefe shi ne yake fito da zare ɗaya ɗaya, har mai kallo ya ga kaurin saƙar hannu ya bambanta ta da yadin masana'anta. Idan ɗaya gefen ya yi duhu, yaro ya riƙe farin kwali ko murfin tukunya mai sheƙi a can, ya mayar da hasken. Idan rana ta shigo da ƙarfi ta taga, a rataye farin mayafi marar kauri ya tace ta. Wanda dole ta sa shi ɗauka da dare, ya nemi fitilu biyu farare iri ɗaya, ya sa wa kowace farin ƙyalle a gaba ba tare da ya taɓa ƙwan ba, ya kuma sani cewa in ya ninka nisan fitila daga kaya, hasken da ke isa gare su ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mu dai tun daga wancan dare ba mu sake ɗaukar tufa bayan Magariba ba.

Na biyar, natsuwar hannu. Idan haske ya yi kaɗan, waya tana yin ɗayan abu biyu. Ko ta ɗaga lambar da ake kira ISO, hoto ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa gero, ko ta daɗe idonta a buɗe, ƙaramin motsi ya dagula komai. A riƙe ISO a 50 ko 100. Idan ƙiftawar kyamara ta fi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa jinkiri, hannu ba abin dogaro ba ne. Ba mu da mariƙi mai ƙafa uku, sai muka kifa turmin mahaifiyarmu, muka jingina waya da gwangwani cike da yashi, muka sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, yadda taɓawar yatsa ba za ta girgiza ta ba. Kada a matsa kusa ƙwarai, domin idon waya mai faɗi ne, yana kumbura abin da ke kusa da shi, hula ta fito kamar tulu. A ja baya taku biyu ko uku. Kada kuma a jawo hoto da yatsu biyu fiye da abin da idon wayar yake iyawa, domin yanka shi kawai ake yi. Tufa mai siraran layuka kamar batakari wani lokaci takan fito da wasu igiyoyi masu rawa waɗanda babu su a jikinta. In an ga haka, a ɗan matsa gaba ko baya, za su ɓace.

Na ƙarshe, abin da ake aikawa. Mun tsayar wa kanmu hoto huɗu ga kowace riga: gaba, baya, aikin wuya, da saƙa daga kusa. Muna zura sanda ta hannuwan rigar mu rataye ta, don haka ba ma bukatar sa wa kowa ita. Muna ajiye tef ɗin awo a jikinta domin a ga tsawo da faɗi. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, amma tun shekarar 2023 ya sa alamar HD da za a iya taɓawa kafin a aika, kuma ana iya aika hoton a matsayin fayil ya isa yadda yake. Tunda fuskar kowace waya da irin haskenta, muna haɗawa da saƙon murya mu faɗi launin da baki: shuɗi ne mai duhu, a ɗaki kamar baƙi, a rana ake ganin shuɗinsa. Kafin mu aika kuma sai mun yi abin da muke kira awon Malam, mu tsaya bakin zaure, riga a dama, waya a hagu. Idan hoto ya fi kaya kyau, a sake. Idan kaya ya fi hoto kyau, nan ma a sake, domin an tauye haƙƙin masaƙi da maɗinki.

Da muka ba mahaifinmu labarin waɗannan abubuwa, ya ce ba baƙon ilimi muka ɗauko ba. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana faruwa ne da hasken da ya taso daga abu ya shiga ido, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, wanda shi ne asalin yadda kyamara take aiki. Game da halaccin hoton kuwa, ya ce saɓanin malamai a kan abu mai rai yake, riga da man kaɗanya ba su shiga ciki ba.

Mun ɗauka mun gama darasi, ashe jarrabawar tana gaba. Rigunan nan goma sha biyu muka riƙa sayar da su ɗaya ɗaya da sababbin hotuna, har saura guda. Ita wannan, da muka shimfiɗa ta a hasken gefe, sai muka ga layi biyu a bayanta, kusa da gindi, rininsu bai kai na sauran duhu ba. A ɗaki ba mai lura, amma a filin Idi za a gani. Kuma yanzu da muka san haske, mun san sarai yadda za a ɓoye su: a juya rigar ta fuskanci ƙofa, a bar wani ninki ya faɗo a kansu. Kawu yana tsaye a bayanmu. Ya yi shiru, sannan ya ce a hankali, "Ɗauke ta ta gaba kawai, ɗan nan." Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai iyali wanda ya rasa babur ɗinsa saboda kuskurenmu, kuma kuɗin wannan riga da shi zai cika na makarantar 'yarsa.

A nan muka gane cewa ilimin da muka wahala muka samo wuƙa ce, tana yanka ta ko'ina. Daren farko mun yaudari mutum rabi da jahilci. Yanzu in mun yi, da sani za mu yi. Muka tuna hadisin da Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibi, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Muka ce, "Kawu, ka yi haƙuri, bari mu sa jiƙaƙƙen a sama." Ya dube mu, ya fita daga shagon bai ce komai ba. Muka ɗauki hoto na biyar, hasken gefe yana kan layukan nan biyu, yatsa yana nuna su.

Mutum biyu suka gani suka fasa. Na uku, wani mai sayar da albasa a Bawku, ya saya da ragi mai yawa, ya ce shi bayan riga ba ya damunsa. Cikon kuɗin makarantar mu muka nemo shi ta wata hanya. Kawu ya yi kwanaki yana amsa gaisuwarmu a gajarce, kafin wata Juma'a ya aiko yaro da sababbin riguna uku, ɗaya da zare ja ɗaure a inda ɗinki ya ɗan karkace, domin kada mu manta mu ɗauki wurin. Tun daga nan ba a sake dawo masa da kaya saboda launi ba. Alhajin Kumasi kuwa har yau bai sake sayen ko hula a wurinmu ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata masu sana'ar cikin gida, da samari da 'yan mata waɗanda ake miƙa wa waya a ce su ɗauka, da su ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Ku koyi haske, domin kayan da aka sha wahala a kansu sun cancanci a gan su yadda suke, kuma hoto mai duhu da dagulewa yana korar mai saye daga kaya mai kyau. Mai man kaɗanya ta ƙara haske har farinsa ya fito, amma in mai ruwan ɗorawa ne ta bar shi da launinsa. Mai albasa a Bawku da mai doya a Salaga su nuna ƙasan buhu da ƙasan tsibi kamar yadda suka nuna sama. Kada a ɗauko hoton kayan wani a ce nasa ne. Iyaye kuma su riƙa duba abin da 'ya'yansu suke aikawa da sunan gidan, domin wanda zai ga hoton bai san yaron ba, sunan uba ko na uwa ya sani. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya sanar da mu cewa masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe ta.

Muna roƙon Allah Ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi da jahilci, Ya saka wa Kawu da mafi alherin abin da ya rasa ta dalilinmu, Ya ƙara wa mahaifanmu lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a sana'ar kowane gida da wannan mujalla take shiga. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.